Wasiƙar Cikin Jini

Shekara talatin ina malamin dabbobi a Daura,
ƙarfen dandaƙa a jaka, ran Lahadi sai karar Mai'aduwa.
Na ga bijimin da ƙarti shida suka kasa kayarwa,
ya tone ƙasa da kofato, ya fasa danga, ya kori mai shi.
Minti biyu na yi a ƙarƙashinsa.
Ban taɓa ƙahonsa ba, ban taɓa kansa ba.
Damina na zagayowa, yaro ke jan sa da igiya,
ya sunkuya wa garma kamar mai neman gafara.
Na ce ashe ƙasa tana aika wa sama wasiƙa,
ɗan aiken kuwa jini.

Bunsuru ya koma taure, ya bar wari, ya bar ɓaɓatu.
Sai na ɗauka na gama karatu,
namiji da mace duk na haddace su a turke.
Kaico, ƙaramin sani.

Lirwanu na sha huɗu muryarsa ta fashe.
Ya yi sallama, uwarsa ta ɗauko mayafi,
ta zaci baƙo ne a zaure.
Zakaran wuya ya fito, kuraje suka yi masa kasuwa a goshi,
ya buga ƙofa sau biyu a wata guda.
Na ce to, bijimi ya taso, a gyara danga.
Amma shi ne mai tashi da tsakar dare
ya ba marayan ɗan akuya madara da tsumma,
shi ne mai barin gidan in za a yi yanka,
wai ba ya son gani.

Suwaiba kuwa, ƙanwarsa,
ta karya hannu a kan giginya tana 'yar tara,
kafin a kwance ɗori ta sake hawa.
Ita ke danne mini wuyan sa in zan yi allura.
Yanzu tana karatun likita a Katsina,
ta dawo hutu da sunayen da harshena ke tuntuɓe a kai:
testostiron, istirojin.
Ta ce, "Baba, kowa yana da duka biyun,
mudun awon ne ya bambanta.
Tun a ciki suke taɓa ƙwaƙwalwa, balaga ta zo ta ƙara wuta."
Na ce to ke fa, wa ya yi miki awo?
Ta yi dariya. "Gishiri ne, Baba, ba shi ne miyar ba.
Akwai kuka, akwai daddawa, akwai hannun mai kaɗawa,
akwai gidan da aka girka tukunyar."
Na yi shiru, ɗiyata ta ɗaure ni da tunani.

Yalwa, uwarsu, bara al'ada ta yi mata sallama.
Cikin sanyin asuba sai ta yaye bargo, gumi sharkaf.
Ta sa makulli a cikin kwanon gero ta yini nema,
ta yi mini faɗa a kan butar da ita ta ajiye,
can ta zauna bakin murhu tana tambaya ko ta haukace.
Ban da allurar wannan a jakata.
Na ɗauko mafici na zauna kusa da ita,
iyakar abin da nake da shi ke nan na magani.

Ni ma wasiƙar ta fara zuwa da ƙaramin rubutu.
Da, tsawata guda tana watsa yaran unguwa.
Jiya wata saniya ta lashi ɗanta da ya zo babu rai,
ta yi ta lasa, ta ƙi matsawa.
Na juya wa Bafulatanin baya ina gyara hular da ba ta karkace ba.
Ya ce, "Malam, lafiya?"
Na ce ƙaiƙayi ne ya faɗa mini a ido.
Babu mai sussuka a wurin,
kuma ya sani.